Dankalin da Ya Yi Hijira ta Rariya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na daina jin daɗin ranar Talata. Ranar ce uwargida ke zuwa cin kasuwar Kawo, ta dawo ta dire ledar cefane a gabana, ta tsaya tana kallona kamar ni na ƙara wa doya kuɗi. Da daminar 2024 ta kankama sai na tuna ai ni jikan manoma ne, ga kuma fili a bayan ɗakinmu a nan Unguwar Dosa, taku shida, babu komai a ciki sai fasassun bulo da tsohuwar tayar mashin.

Doya na so shukawa da farko, don na ga wani a Facebook yana farke buhu yana zaro doya kamar cinyar sa. Da na ji sai an jira wata takwas zuwa tara, ga kafa mata sandar hawa, sai na ce wannan a bar wa mutanen Zaki Biam, garin doya na jihar Binuwai. Na koma kan dankalin Hausa, shi wata huɗu ya ishe shi. Amma fa ƙato nake so, irin wanda sai an kira yaro ya kama maka.

Na gangara bakin Kogin Kaduna wurin masu lambu, na sayi yaɗon dankali a hannun wani tsoho. Shi dankali yaɗonsa ake yankawa kamar kamu guda, a binne gaɓa biyu ko uku a kan kunya. Tsohon ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, "Alhaji, ka taɓa noma kuwa?"

Na ce, "Haba Baba, ai gadonmu ne."

Ya ce, "To madalla. Ka sassauta ƙasa, ka tada kunya mai tudu, ka zuba toka. Kada ka ɗura masa takin masara. In yaɗo ya yi tsawo ka riƙa ɗaga shi, kada ya kama ƙasa ko'ina."

Na ce na ji. A raina kuwa cewa nake, mutumin da ko waya mai shafawa ba shi da ita ne zai koya mini noma?

Ƙasar bayan ɗakin nan ja ce, ga marmara. Saran farko da na kai, fartanya ta yi tsalle ta kusa gaisawa da goshina. Kwana biyu ina fama, bayana ya riƙe, uwargida na shafa mini man zafi tana gumtse dariya. Kunyar da na samu ba ta fi tsayin bulo a kwance ba. Na ce ba komai, taki zai gyara. Na sayo yuriya, mai shagon ya ce kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ni kuwa da jin lambar da girma na ce shi ke nan, ƙaton dankali ya samu. Duk sati biyu sai na barbaɗa, ranar da aka yi albashi in ƙara hannu. Na haɗa da kashin kaji. Toka kuwa, mu da ke girki da gas, ina zan ganta?

Ruwan Agusta na sauka, sai ganye ya ce ga ni nan. Kore shar, faffaɗa, har sheƙi yake. Ya rufe filin, ya haɗiye tayar mashin, ya fara hawa katanga. Wani reshe ma ya bi ta rariya ya shige gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai tuyar waina da duk layin ke kira Inna. Na gan shi, na ƙyale. Ɗaga yaɗon da tsoho ya ce kuwa, wa zai taɓa abu mai kyau haka?

A majalisarmu ta bayan sallar Isha'i bakina ya ja mini. Na ce dankalina guda zai cika bokiti. Na yi wa liman alkawarin biyu, mai shayi ɗaya, surukina na Rigasa kuma na ce ya daina sayen dankali bana. Kafin ƙarshen Satumba an naɗa mini Sarkin Noma, ni kuma ina amsawa har da ɗaga hannu. Uwargida ce kawai ba ta yi mubaya'a ba. Wata safiya ta ce, "Malam, da ka ɗan tona gefe ka duba mana."

Na ce, "Ke dai ki tanadi man suya."

Ranar wata Asabar cikin Nuwamba, iskar hunturu ta fara busawa, na sa ranar haƙa. Na aro sikeli wurin mai nama. Mutum biyar suka zo daga majalisa, ɗaya har da buhunsa a hammata. Autana na riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo, ni na sa shi, kuma har gobe ina cizon yatsa.

Na yi bisimilla na tone gindin farko. Saiwa ce siririya kamar igiyar caja. Na ce wannan na gefe ne, bai samu taki sosai ba. Na biyu ya ba ni abu kamar ɗan yatsa. Na uku ya ba ni biyu, in ka haɗa su sun kai batirin tocila. Gumi ya karyo mini duk da sanyin. Na bi kunyoyin nan kaf, abin da na tara bai rufe gindin kwanon sha ba. Muka juye a sikeli, allurar ko gezau. Mai shayi ya gyara murya ya ce, "Sarkin Noma, ko ƙasa ya nutsa ne? A kira masu haƙar rijiya?" Mai buhu ya ninke abinsa a hankali ya tura aljihu. Liman ne ya tausaya, ya ce kallon kitse muka yi wa rogo. Wani ya ce ai da rogon ma aka samu da an gode.

Daga baya na gane abin da tsohon lambu ke nufi. Naitirojin ganye yake ginawa, shi ya sa masara ke sonsa. Abin da ke ƙasa kuwa fotash yake nema, irin wanda ke cikin toka, da ƙasa mai laushi da zai buɗe a ciki. Wata huɗu ke nan ina kiwon ganye a kan marmara.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga sallama. Jikar Inna ce da faranti a ka, dankali uku a ciki, kowanne ya kai kan jariri. Ta durƙusa ta ce, "Wai in ji Inna, wani yaɗo ne ya fito mata ta rariya, Allah ya sa masa albarka. Wai a ba Baba ya ɗanɗana." Kafin in ce uffan mai shayi ya ɗora guda a sikeli, allura ta zarce kilo biyu. Auta bai kashe wayar ba.

Na zagaya gidan Inna da fartanya a hannu. A gindin katangar akwai ragowar yashin gini, a nan take juye tokar murhunta kullum. Yaɗon nawa ya kwanta a kai ya kama ƙasa, ga kwando cike a gefe. Na gaishe ta, na ce, "Inna, ai wannan dankalina ne."

Ta juya wainarta a tanda, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Naka ne, ɗan nan? To me ya koro shi daga gidanka?"