Kafin ka kunna wa ƙaninka Tom da Jerry

'Yan'uwa matasa, musamman mu da ake bar wa ƙanne a gida, mun ɗauki wata ɗabi'a. Yaro ya fara kuka, sai a zaro waya a kunna masa Tom da Jerry, na kyanwa Tom da ɓera Jerry, wai ai katun ne. Ni ma na sha yi. Sai ranar da na tarar da ƙanena ɗan shekara huɗu yana bin kyanwar maƙwabta da muciya, yana ƙyalƙyala dariya. A tunaninsa kanta zai baje kamar faifai, can kuma ya dawo daidai.

Tun asali ba don yara aka yi shi ba. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin MGM a 1940, ana haska shi a sinimomin Amurka kafin babban fim, manya ne suka sayi tikiti suka zauna. Zuwa 1958 sun yi gajerun finafinai guda 114, bakwai daga ciki suka ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka. Gwaninta kam akwai ta, ba na musu. Amma a ciki akwai zuƙar sigari, akwai bindiga da nakiya, akwai kuma wata baƙar mata da ba kasafai ake nuna fuskarta ba, an karkata harshenta don 'yan kallo su yi dariya. Ku tsaya ku tambayi kanku, wa ake yi wa dariyar?

Su kansu masu abin sun san da haka. Da aka yi sabon shiri don talabijin a 1975, dole aka mai da kyanwa da ɓera abokai, saboda an tsaurara dokar nuna duka a shirin yara. A 2006 kuma, bayan ƙorafi a Birtaniya, tashar Boomerang ta amince ta yanke wasu wuraren shan sigari. A dogon fim na 1992 har baki aka ba su, suna magana suna waƙa suna taimakon wata yarinya, kasuwa kuma ba ta karɓe shi ba. Na 2021 an haɗa su da mutane na gaske a wani otal a New York. Wato can ana tankaɗe ana rairaya, mu kuwa duk abin da intanet ta zubo sai mu miƙa wa yaro, mu koma hirarmu ta WhatsApp.

Ban ce ku hana su kallo ba, wanda aka hana a gida zai je maƙwabta ya gani. Ku fara kalla da kanku, ku sauke waɗanda kuka yarda da su, ku kashe data kafin waya ta bar hannunku. In an ƙwala wa Tom guduma, ku gaya wa yaron cewa kyanwar gaske jini take fitarwa, ku tuna masa matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta abinci. Ƙanena ya daina ɗaukar muciya, amma har yau in kyanwar nan ta hango shi sai ta haye katanga.