Ba Mr Bean kaɗai Turawan Ingila suka iya ba

Jama'a yau dai a ɗan huta da siyasa, barkwanci nake so mu taɓa. Mu nan da an ce barkwancin Turawan Ingila abin da ke faɗo mana a rai Mr Bean ne, shi da ƴar tsanarsa da ƙaramar motar nan da yake garƙama wa kwaɗo, kuma ba laifi, mutumin ya iya, tunda har kakarka da ba ta jin ko harafi ɗaya na Turanci za ta zauna ta sha dariya. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba, shirin Mr Bean ɗin na asali gaba ɗayansa kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995, mu ne dai muke ta maimaita kallonsa har muka ɗauka ba ya ƙarewa. Shi kuma Rowan Atkinson, wanda ke fitowa a Mr Bean ɗin, ba daga sama ya faɗo ba, injiniyan lantarki ne a karatu, ya yi jami'ar Newcastle ya yi ta Oxford, kuma ya tashi ne a cikin wata tsohuwar sana'a ta gajerun wasannin barkwanci na talabijin, irin wanda za a yi minti uku ko biyar a gama a shiga wani daban, wadda ta yi tashe a ƙasar tun daga shekarun 1960.

Ni abin da nake so in ce shi ne, abin da ya sa wasannin nan suka kai yau ana kallonsu ba iya murguɗa fuska ba ne. Rubutu ne na gaske, da atisaye, da kuma wani abu da muke rainawa, wato mutumin da ke tsaye a gefe ba shi ne ke ba da dariyar ba amma in babu shi babu dariyar. Kowa mai cin ƙwallo yake yabo, ba a cika tuna wanda ya ba shi fasin ɗin ba.

Bari in fara da wanda na fi so. A shirin Kirsimeti na 1971 na Eric Morecambe da Ernie Wise, ƴan barkwanci biyu da ke fitowa tare, sun gayyato André Previn, babban mai jagorantar makaɗa ne da ake girmamawa a duniya, lokacin shi ke riƙe da ƙungiyar makaɗan London Symphony. Aka kawo makaɗa na gaske sahu sahu, aka ce za a yi wani shahararren kiɗan fiyano na mai tsara kiɗa Grieg, kuma wai Eric ne zai buga fiyanon. To fa. Da farko ya kasa isa wurin fiyanon a kan lokaci saboda wai nisan ya yi yawa, sai aka sake, sai kuma murfin fiyanon ya kare shi ba ya ganin alamar da Previn ke ba shi, har aka ce to sai dai Previn ya yi tsalle sama don ya hango shi, kuma wallahi dattijon nan mai mutunci ya daka tsallen. Da Eric ya fara bugawa kuwa wani shirme ne can daban. Previn ya fusata ya zauna ya buga masa yadda ake yi ya ce duk ba daidai kake bugawa ba, sai Eric ya tashi a hankali ya caƙumo kwalar rigarsa ya yi masa bayani cewa shi fa duk sautukan da ake buƙata ya buga su, jerin ne kawai ƙila bai zo daidai ba. Ku je ku kalla ku lura da fuskar Previn, ko murmushi bai yi ba, shi a wajensa ɓata masa aiki ake yi, alhali makaɗan da ke bayansa suna ta ƙunshe dariya. Da ya yi dariya sau ɗaya da komai ya rushe. Kuma bai samu isasshen lokacin atisaye ba, Eric kansa ya shiga damuwa kafin a fara, shi ya sa za ka ga farin cikin da ke fuskarsa na gaske ne da ya gane baƙon nasu ya kama zaren.

Shi kuma Ernie Wise shi ne wanda aka fi zalunta a tarihin nan a ganina. Sama da shekara 40 suna tare da Eric, shi ne gajeren da ake yi wa tsiya, ana zolayarsa wai gashin kansa na roba ne, ana zolayar ƙafafunsa, ana dariyar wasannin kwaikwayon da yake rubutawa a cikin shirin yana ji da kansa wai shi babban marubuci ne. Mutane suna cewa ai Eric ne mai ban dariya, shi wancan rakiya ya yi. Amma duk wanda ya taɓa gwada ba da labarin dariya a majalisa ya san in ba ka samu wanda zai ce maka "sai aka yi yaya?" a daidai lokacin da ya dace ba, labarin mutuwa yake yi a bakinka. Akwai kuma na uku da ba a gani ko kaɗan, Eddie Braben, mutumin Liverpool da ya fara da sayar da kayan lambu a kasuwa, shi ne ke rubuta musu shirin a BBC, kuma nauyin ya kai har sai da ya kwanta rashin lafiya saboda gajiya. Ka yi tunani fa, shirin Kirsimetinsu na 1977 sama da mutum miliyan 20 ne suka kalla, a ƙasar da lokacin tashoshin talabijin uku ne kawai, kuma mutum ɗaya ne a ɗaki da takarda ake jira ya sa duk waɗannan dariya.

Sai The Two Ronnies, Ronnie Barker mai jiki da Ronnie Corbett ɗan ƙarami, daga 1971 har 1987 a BBC. Tun kafin nan ma sun haɗu a shirin talabijin na David Frost, kuma a 1966 suka yi wani guntun wasa tare da John Cleese wanda har yau malamai ke nuna wa ɗalibai in ana zancen bambancin aji a Ingila. Mutum uku ne kawai a tsaye a jere. Cleese dogo sosai da hular manya, Barker a tsakiya, Corbett a ƙarshe da hular leburori. Na sama yana kallon na ƙasa yana faɗin dalilin da ya fi shi, na tsakiya yana ɗaga kai ya kalli wannan ya sunkuya ya kalli wancan, talakan kuma abin da ya samu a ƙarshe ciwon wuya ne don yawan ɗaga kai. Babu ɗaki, babu mota, babu kiɗa, tsawon mutanen kawai aka yi amfani da shi. Wannan ko a Kano ko a Damagaram aka yi shi kowa zai gane.

Labarin Barker da ya fi burge ni shi ne na sunan aro. Yana rubuta wasanni amma ba ya so a karɓa don kunyarsa, sai ya riƙa turawa da sunan wani Gerald Wiley ta hannun wakili, kamar wani marubuci ne can da ba ya son fitowa. Ana karantawa a gabansa, in bai yi kyau ba a ƙi shi yana zaune, wani lokacin ma shi da kansa yana sa baki a kushe. Sai daga baya ya tona kansa a wajen wata liyafar cin abinci da aka taru ana jiran ganin wannan Wiley ɗin. Shahararren wasan nan nasu na 1976, na shagon kayan aiki inda mai saye yake faɗin abu mai shago yana jin wani abu daban yana ta hawa tsani yana saukowa, shi ya rubuta shi da wannan sunan. Wannan kam sai mai jin Turanci sosai, don dariyar a cikin lafazi take, amma ko ba ka ji, kalli yadda haƙurin Corbett, mai shagon, ke ƙarewa kaɗan kaɗan, gunaguni ƙasa ƙasa, ajiye kaya da ƙarfi. Kuma Barker yana kan ganiyarsa ya ce ya gama, ya koma garin Chipping Norton ya buɗe shagon sayar da tsofaffin kaya. Wa zai yi haka yau?

Yanzu Monty Python, na san nan ne za a fara faɗa da ni. Su shida ne, Cleese, Graham Chapman, Eric Idle, Terry Jones, Michael Palin da Terry Gilliam ɗan Amurka mai zane, sun fara shirinsu na talabijin a Oktoban 1969 suka gama shi a 1974, kashi 45. Ƴan boko ne na ƙin ƙarawa, Chapman likita ne, Cleese lauya ya karanta. Gaskiya ta ita ce in ka zauna ka kalli kashi guda daga farko har ƙarshe za ka ci karo da wurare da yawa da ba za ka yi dariya ba, wasu ma sai ka ce me ake yi ne haka, don su sun yi wa kansu doka cewa ba dole wasa ya ƙare da wata magana ta rufewa ba, in sun gaji kawai sai wani ya shigo da kakin soja ya ce abin ya zama shirme a tsaya. Amma in suka dace ba mai kamo su. Wasan aku mataccen nan kowa ya san irinsa a rayuwa: mutum ya dawo da akun da ya saya don matacce ne, mai shago ya kafe cewa hutawa yake yi, ko kuma kewar ƙasarsu ce ke damunsa, mai saye ya ɗauko akun yana buga shi a kan kanta, har ya gano ashe da ƙusa aka kafe shi a jikin sandar. Cleese mai saye ne ke ihu, shi ake tunawa, amma Palin mai shago ne gwanin, yadda yake ƙarya cikin natsuwa yana kauda ido. Asalin abin ma daga wani mai sayar da mota ne da Palin ya taɓa hulɗa da shi, wanda duk abin da ya lalace a mota yana da amsarsa. Wasan ya shiga jinin mutanen ƙasar har Firaministar lokacin, Margaret Thatcher, ta yi amfani da shi a jawabinta na taron jam'iyya a 1990 don ta yi wa ƴan adawa ba'a a kan tambarinsu mai hoton tsuntsu.

Kada kuma a ce maza ne kaɗai. Victoria Wood ita ke rubuta nata da kanta a shirinta na 1985 zuwa 1987, kuma akwai wanda Julie Walters ta fito a tsohuwa mai kawo abinci a gidan cin abinci, ba ta ji sosai, tafiya da ƙyar, mata da miji suna sauri za su hau jirgin ƙasa sun ce a kawo miya kwano biyu, ita kuwa daga kicin zuwa teburi sai ka yi tsammanin ba za ta iso ba, da ta iso kuma duk miyar ta zube a hanya, ta ajiye kwanukan a gabansu cikin ladabi. Kusan rabin wasan jira ne kawai. Wannan jarumtar ta barin shiru ya yi aikinsa ita ce na rasa a yawancin gajerun bidiyon da muke kalla a TikTok yanzu, inda kowane daƙiƙa biyu sai an sako wani ƙara ko dariyar inji don a gaya maka nan ne wurin dariya.

Ba duka ne abin yabo ba fa. Benny Hill ya zaga duniya fiye da yawancinsu amma rabin shirinsa guje-guje ne da mata, kuma gidan talabijin na Thames ya dakatar da shi a 1989, ni ban ga abin kewa ba. BBC ɗin nan kuma har 1978 tana nuna shirin da fararen fata ke shafa baƙi a fuska suna waƙa, a lokacin da yaro irin Lenny Henry, ɗan asalin Jamaika da aka haifa a Dudley, yake ƙoƙarin samun wuri. Amma cikinsu ɗin ne dai aka samu masu mayar da martani. A shirin Not the Nine O'Clock News, wanda ya fito da Atkinson tun 1979, akwai inda ya fito a babban ɗan sanda yana tuhumar ƙaraminsa, Griff Rhys Jones, a kan me ya sa yake ta kama mutum ɗaya baƙar fata da laifuffukan da babu su a doka, irin su warin abincin ƙasar waje. Wanda ya san Atkinson a bebe kawai ya nemi wannan ya ji yadda yake sarrafa harshe.

Abin haushin kuma, da yawa daga ayyukan shekarun 1960 babu su, don kaset yana da tsada lokacin, sai a goge a naɗi wani abu a kai. Yawancin shirin ƴan barkwanci Peter Cook da Dudley Moore haka ya tafi, Cook har ya nemi ya sayi kaset ɗin da kuɗinsa aka hana shi.

In za ka fara, kar ka fara da Python, za ka iya gudu. Fara da na Previn, sai na mutum ukun nan, sai miya kwano biyu, in ka ga jininku ya haɗu sai ka nemi akun. Masu cewa Python sun fi Two Ronnies kuma ina nan ina jiranku, amma ku zo da kashi guda cikakke da za a kalla ba tare da an tsallake komai ba.