Fis ɗin firiza ɗumi yake so, ba dahuwa ba

Shekarata ta farko a Ingila, wulaƙanta fis kawai na yi ta yi ban sani ba. In kwaso ƙananan koren waken nan daga firiza, in antaya a tukunyar ruwa, in rufe, in tafi wata hidimar. Kafin in dawo sun yamushe, sun koma launin kakin soja. Baƙo ya ture su gefen faranti, ni kuma in ce ai abin firiza ne, me ake tsammani?

Ashe laifina ne. Fis ɗin da ke cikin ledar nan ba ɗanye ba ne. Daga tsinko shi a gona, cikin 'yan sa'o'i ake tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan a daskarar da shi. Gaggawar tana da dalili: da zarar an cire shi daga jikin uwarsa, zaƙinsa yake fara rikiɗewa zuwa sitaci. Shi ya sa wanda ake sayarwa da kwansonsa, ana kiransa sabo alhali ya kwana biyar a hanya, sau da yawa ya fi na firiza gari-gari a baki. Na gwangwani kuwa an riga an dafe shi luguf a cikin gwangwaninsa, ba ya zama shi kaɗai a gefen abinci.

Dabarar daskarewar gaggawa ta Clarence Birdseye ce, Ba'amurken da ya ga kifin mutanen Inuit na Labrador, wani yanki mai tsananin sanyi a Kanada ta yau, yana ƙanƙarewa nan take, kuma idan ya narke sai ka rantse yanzu aka kamo shi. Daskarewar gaggawa ƙananan ƙanƙara take yi, ba ta farfasa cikin abu. A 1930 aka fara sayar da kayansa a Springfield ta jihar Massachusetts, har da fis.

To wanda ya sha ruwan zafi sau ɗaya, me minti goma zai ƙara masa?

Yanzu ko ruwa ba na ɗorawa. Bota cokali ɗaya a kasko, 'yar albasa yankakkiya ta yi laushi, sai in juye fis da ƙanƙararsa, ba na jira ya narke. Za ki ji ya yi "cuuu", tururi ya tashi. Gishiri kaɗan, ki rufe minti biyu, ki buɗe ki juya, ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki tauna. In ta fashe a haƙori, cikinta da zafi, sauke. Duka-duka minti huɗu ne. Wadda ta dage sai ta tafasa, ruwan ya zama yana ɓararraka kafin ta zuba, minti biyu zuwa uku ta tsame.

Masoro da ganyen na'a-na'a suna yi masa kyau. Lemon tsami ma haka, amma sai an zo kai wa tebur, domin tsami da doguwar wuta su ne ke kashe koren nan.

Kuma ki taɓa ledar kafin ki saya. In ƙwayoyin suna warwatse kamar tsakuwa, ɗauki. In sun dunƙule guri ɗaya, alama ce sun taɓa narkewa aka sake daskarar da su, wannan kam ni mayar da ita nake yi.