Rawar godiya a shekarar da rumbu bai cika ba

Babbar kasuwar Tahoua ranar Lahadi take ci, saboda haka duk shekara godiyar kaka a majami'armu takan haɗu da hayaniyar ƴan kasuwa. A waje amalanke na wucewa da buhunan da za a sayar, a ciki kuma ana shigowa da abin da za a ajiye gaban mumbari: damin hatsi, tiyar wake, busasshiyar kuɓewa, albasar Galmi, kaza da ƙafafu a ɗaure. Matan zumunta na buga tulu suna kaɗa caki, tsofaffi na rangaɗa guɗa, duk gidan da aka kira sai ya taso da rawa tun daga bakin ƙofa. Wanda ya girma cikin wannan biki ya san daɗinsa ba ya faɗuwa.

Bana ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'a a Yamai, ya zo gida ya tarar da bikin. Na hange shi a bencin baya ya harɗe hannu, bai motsa ba har aka tashi. A hanyar gida ya ce mini, "Kawu, don Allah me ake yi wa wannan rawa? Gonar Inna ko rabin dammunan bara ba ta ba da ba. Kafin bazara ta yi nisa za ta fara awo a kasuwa. Ga shi ta ɗauki dami guda ta kai majami'a tana waƙa. Ni dai gani nake kamar muna rufe idanunmu ne."

Ban tsawata masa ba, don yaron bai faɗi ƙarya ba game da halin da ake ciki. Adar, wato yankinmu na Tahoua, ƙasar duwatsu ce. Ruwan da Tahoua ke samu a matsakaiciyar shekara bai kai milimita 400 ba, kuma kusan dukansa cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Dattawanmu har yau suna ba da labarin yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984. Mu da idonmu mun ga fara da fari a 2004, muka ga yunwar da ta biyo baya a 2005. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia, cikin wannan jiha tamu. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ya ɗauke wuta, ya tsawwala farashin shinkafa da magani. Ruwan da muke roƙo kuma ya zo a daminar 2024 ya kashe sama da mutum 300 a faɗin Nijar, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Samarinmu da an gama girbi sai tafiya biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Duk wanda zai kare rawar godiya a irin wannan ƙasa, dole ya fara amincewa da waɗannan abubuwa.

Ni kuwa ina kare ta, da zuciya ɗaya.

Da a ce da rumbu ake auna godiya, da shekarun godiyar Ba'adare ba su cika yatsun hannu ba. Littafi Mai Tsarki ya san da irin ƙasarmu, don shi ma manoma da makiyayan ƙasa mai ƙarancin ruwa ne suka fara karanta shi. A ƙarshen littafinsa, annabi Habakuk ya lissafa asara ɗaya bayan ɗaya: ɓaure bai yi toho ba, inabi bai yi ƴaƴa ba, zaitun ya ƙi, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare, turke ya zama wofi. Sai bayan ya gama wannan lissafi ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji, Allah mai cetonsa. Mutumin bai rufe ido ba. Ya ƙirga abin da ya rasa daki-daki kamar yadda ɗan ƙanwata ya ƙirga dammunan uwarsa, sa'an nan ya duba ya ga akwai abin da fari bai iya ci ba.

Akwai wata ƴar kalma a wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura 5 aya 18, wadda nake so matasanmu su lura da ita. Cewa ya yi a yi godiya a cikin kowane hali. A cikin, ya ce. Babu inda aka umarci uwa ta gode saboda ɗanta ya mutu, ko manomi ya gode saboda tsuntsu ya cinye masa hatsi. Abin da aka ce shi ne, kana tsakiyar halin nan, kada bakinka ya mutu. Shi kansa Bulus da abokinsa Sila sun sha bulala a Filibi, an jefa su can ƙuryar kurkuku an sa ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare sauran ƴan sarƙa suka ji suna rera waƙar yabo. Lokacin da suke waƙar ƙofa ba ta buɗe ba tukuna, kuma ba wanda ya yi musu alkawarin za ta buɗe. Ubangiji Yesu ma, a daren da aka bashe shi, gurasa ya ɗauka ya yi godiya kafin ya gutsuttsura. Shi ya sa ƴan'uwanmu Katolika suke kiran Jibin Ubangiji da sunan Yukaris, kalmar Helenanci mai ma'anar godiya. Ibada mafi girma a wurin Kirista an kafa ta ne a kan godiyar mutumin da ya san gobe za a gicciye shi.

Mun ga misalin wannan a ƙasarmu. Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, tarzoma ta ɓarke kan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa. Mutum 10 suka mutu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta. Mu da ba mu kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasa ba, ranar mun ji ƙanƙantarmu har cikin ƙashi. Amma cikin makonnin da suka biyo baya ikkilisiyoyi sun taru a cikin kangayen da wuta ta yi wa baƙi, wasu a ƙarƙashin rumfa, suka yi sujada da waƙa. Cikin abubuwan da aka yi ta gode wa Allah a kai har da maƙwabta Musulmi waɗanda suka ɓoye iyalan Kirista a gidajensu. Waɗanda suka yi waƙa a wannan lokaci ba mutane ba ne da suka kasa gane abin da ya same su. Sun san komai. Sun dai ƙi yarda wuta ta zama ita ce mai magana ta ƙarshe a kansu, kuma ina da yaƙinin waƙar nan ta taimaka wajen hana ɗacin rai ya zama ramuwar gayya.

To amma yaron yana da rabin gaskiya, kuma rabin nan nasa yana da nauyi. Akwai wata irin godiya da ta fara shigo mana wadda ni ma take damuna. Lokacin ba da shaida ya zama na masu samu. Wannan ya tashi ya ce Allah ya ba shi mota, wancan biza, wancan ƙarin girma, a yi ta tafi. Babu laifi mutum ya gode don mota. Amma in kullum irin wannan shaida kaɗai ake ji, me muke koya wa gwauruwar da ke zaune a baya, wadda abin da za ta iya cewa shi ne ta kwana ta tashi, jikokinta sun sha fura? Muna koya mata cewa tata godiyar ba ta isa a faɗa ba, ko kuma Allah ya fi son wasu. Yesu ya ba da misalin Bafarisiyen da ya shiga Haikali ya fara addu'arsa da "na gode", amma abin da yake gode wa shi ne bai zama kamar sauran mutane ba. Da kalmar godiya ya fara, da alfahari ya ƙare, ya koma gida ba a karɓe shi ba.

Haka kuma akwai masu amfani da godiya su toshe bakin mai kuka. Na taɓa jin ana ce wa matar da ta binne jaririnta da safe, "Ki yi shiru, ki gode wa Allah." Raina ya ɓaci ƙwarai. Littafin Zabura da muke ɗauko waƙoƙin yabo daga ciki cike yake da kuka da ƙorafi. Zabura ta 88 da duhu ta fara, da duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga littafin ba. Ayuba sai da ya keta rigarsa ya aske kansa ya fāɗi ƙasa kafin ya albarkaci sunan Ubangiji. A bar mai kuka ya yi kukansa, a zauna tare da shi. Godiyarsa za ta zo a lokacinta, ba a tatsar ta kamar nono. Sa'an nan gode wa Allah bai hana a tambayi masu riƙe da amanar jama'a ina rijiya, ina magani, ina taki. Bahaushe in aka ce masa "Ina aiki?" yakan ce "Aiki da godiya", Musulmi da Kirista duka haka muke amsawa, amma wannan bai taɓa hana ma'aikaci neman haƙƙinsa a wurin wanda ya sa shi aikin ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tun ranar da muka yi wannan magana shi ne karin maganar nan tamu: yaba kyauta tukwici. Ku duba yadda al'adar take. In babban mutum ya aiko maka da rago, ba shi kake mayar wa da wani abu ba, don me za ka ba shi? Ɗan aiken da ya jawo ragon shi kake ba tukwici, kuma da girman tukwicin mai kyautar zai gane ko ka ji daɗi. Allah ba ya cin hatsi. Damin da Inna ta kai gaban mumbari ba zai hau sama ba. Tukwicin kyautar Allah a hannun mutane yake sauka. Dokar Musa ta faɗi wannan a fili: in ka girbe gonarka kada ka share ta har gefe, kada ka koma kala, in ka manta da dami a gona kada ka koma ɗauka, na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Annabi Amos kuma ya isar da saƙo mai zafi ga masu yawan waƙa da kiɗa alhali suna danne matalauta, cewa a kawar da hayaniyar waƙoƙinsu, a bar adalci ya malalo kamar ruwa. Ni mai son tulu da caki ne, amma wannan gargaɗi da mu yake.

A jiharmu muna da abin koyi. Asibitin Galmi, wanda ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka buɗe a 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ya shafe sama da shekara 70 yana karɓar marasa lafiya, akasarinsu Musulmi, wasu ma daga ƙetaren iyaka. Wannan ma waƙar yabo ce, kuma maƙwabtanmu da ba su taɓa shiga majami'a ba suna jin ta sarai.

Saboda haka ga abin da nake roƙon dattawan ikkilisiyoyinmu. A wurare da dama, da an gama sujadar godiya sai a yi gwanjon kayan nan take, kuɗin ya shiga asusun gini ko sayen lasifika. Amma kowa ya san da kaka hatsi ya fi araha. Manomi yakan sayar da rahusa a Oktoba da Nuwamba don biyan bashi, ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada a Yuli da Agusta, daidai lokacin da yake noma da ciki wofi. In muka yi gwanjo da kaka, mun sayar da baikon talaka a mafi ƙasƙancin farashi ga wanda ke da kuɗin ajiya. Me zai hana a sayar da abin da ba ya ajiyuwa, kamar kaji da kabewa, a sussuke hatsin, a adana waken yadda ƙwari ba za su ɓata shi ba, a rufe har tsakiyar damina? Ƙauyukanmu sun san bankin cimaka, ba baƙon abu ba ne. In lokacin ya yi a buɗe, a auna wa gwauraye da marayu da tsofaffin unguwa tiya-tiya, ba tare da an tambayi kowa inda yake salla ko sujada ba. Ta yiwu ma damin Inna ya dawo tukunyarta a watan da ta fi bukatarsa, ya biya ta tukunyar maƙwabciyarta.

Na tambayi ƙanwata daga baya abin da ya sa ta kai dami guda alhali gonar ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, lokacin shuka ina kwance, kowa ya ɗauka ba zan tashi ba. Ga ni na ga kaka. In ban yi rawa ba, wa zai yi?" Ɗanta yana zaune yana ji, bai ce komai ba.

Maganar ajiyar hatsin zan kai ta gaban dattawa a zamansu na wata mai zuwa. Kafin ya koma Yamai yaron ya ce mini, "Kawu, in sun yarda, ni zan riƙe littafin lissafin buhunan in na dawo hutun damina." Na ce masa sai ya zo da alƙalami biyu, don gidajen da za a rubuta a unguwarmu kaɗai sun fi yadda yake zato.