Da wa aka gwada allon?

Malam da ka yi sharhi kan labarin yadda ake tsara sabon allon da masu ba jiragen sama hanya ke dubawa, ka ce wannan ɓarnar kuɗi ce, wai a zauna ana zana allo ana gogewa alhali na yanzu yana aiki, gaskiya ban bi ka ba. Labarin ya ce ana miƙa wa masu ba jiragen sama hanya samfurin allon, su yi ta latsawa da jiragen bogi suna faɗin inda ya rikita su kafin a gina na gaske, kuma hakan ya fi araha. Ka tuna 1996, jirgin Saudiyya da ya tashi daga Delhi ya yi karo da na Kazakistan a sama, mutum 349 suka rasu, da yawansu masu zuwa neman abinci ne nan Saudiyya kamar mu, Allah Ya jiƙansu. Na Kazakistan ɗin ya sauko ƙasa da inda aka ce ya tsaya, radar Delhi kuwa a lokacin ba ta nuna tsayin jirgi, sai abin da matuƙi ya faɗa ta rediyo; ka ga abin da allo ke nuna wa mai ba da hanya ba abin wasa ba ne. Abin da ban gani a labarin ba shi ne ainihin da waɗanne irin ma'aikata aka yi gwajin. Ni a Jidda nake, in Hajji ya ƙarato jirage bin juna suke dare da rana kamar tururuwa. Shin an zaunar da wanda ya kwana a hasumiyar filin jirgi yana ba jirage hanya cikin wannan cunkoson, idonsa ya yi jajir, ko injiniyoyi ne suka gwada abinsu da hantsi suna shan shayi?