Kafin Ku Fita Ƙofar Makaranta, Wa Ke Binku Bashi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan saƙo ne ga 'ya'yana 'yan aji shida da suka ajiye biro a satin nan, da duk wani ɗan SS3 da rubutun zai isa gare shi.

Alhamdu lillahi, an gama. WAEC ta wuce, NECO ta bi bayanta, masu NBAIS, jarrabawar makarantun Arabiyya da Islamiyya, su ma sun sauke nasu nauyin. Shekara shida ke nan tun ranar da kuka shigo JSS1 da wandon da ya fi ƙarfinku, wasunku suna kuka a bakin get don an tafi an bar su. Yau ga ku da gemu yana tsirowa, 'yan matan cikinku kuma har an fara yi wa iyayensu sallama. Allah Ya sa albarka.

Jiya na tsaya a baranda ina kallonku kuna bikin kandi. Kowa da alƙalamin maka a hannu, ana rubutu a jikin farar riga, wannan ya sa hannu a kafaɗa, wancan a baya. Ban zo yi muku faɗa a kan rigar ba, ko da yake ita ma da magana a kanta, musamman inda namiji ke rubutu a jikin hijabin mace. Abin ya kai har gwamnatin jihar Sakkwato ta hana wannan biki a makarantun sakandare a 2025. Abin da ya tsaya min a rai daban ne: na ga rigunanku sun cika da sunayen abokai, amma ban ga ko ɗaya da ya nufi ajin ƙannensa ya ce "ku yafe min" ba.

Bari in ba ku labarina, don kada ku ce Malam yana wa'azi ne daga sama. Ni ma na yi makarantar kwana, na kuma yi siniya. A sanyin hunturun shekarata ta ƙarshe na karɓe bargon wani yaro ɗan aji ɗaya, ɗan ƙauye, siriri, wanda ko ɗaga ido ba ya iya yi ya kalle ni. Na ce masa aro ne. Ni na san ba aro ba ne, shi ma ya sani. Da bargon na tafi gida. Sai da na shekara goma sha wani abu, ina koyar da ɗalibai babin zalunci, sannan fuskarsa ta faɗo min. Na yi cigiya wajen tsofaffin ɗalibai har na samu wanda ya san garinsu, aka ce ai ya rasu tun bai gama makaranta ba. Na je, na samu mahaifiyarsa, na ajiye mata kuɗin bargo da bayani. Ta ce ta yafe. Amma ba ita ta kwana tana rawar ɗari ba. Har yau in na ja bargo a watan Janairu sai na tuna shi.

Imam Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya ce duk wanda ya zalunci ɗan'uwansa a mutuncinsa ko wani abu, to ya nemi ya warware masa yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. In yana da aikin alheri a ɗiba gwargwadon zaluncin, in ba shi da shi a ɗebo zunuban wanda ya zalunta a jibga masa. Ku lura da kalmar "yau". Ga ɗan makaranta wannan kalma tana da nauyi na musamman, domin yau yaron nan yana aji biyu, ka san ɗakinsa, ka san gadonsa. Nan da wata uku kai kana Zariya ko Maiduguri ko kana tsaron shago a Kantin Kwari, shi kuma ko cikakken sunansa ba ka riƙe ba, sai laƙabin wulaƙancin da ka laƙaba masa.

To ku zauna ku yi lissafi. Wanda ka sa shi tsallen kwaɗo ba don ya yi laifi ba, sai don ya hana ka garin kwakinsa. Wanda ka mayar ɗan ɗebo maka ruwa da wankin kaya zango guda cur, har yana makara a darasi ana dukansa saboda kai. Bokitin da ya ɓace, da kai ka san inda ya kwana. Yarinyar da kuka ƙaga wa magana a aji, maganar ta fita har unguwarsu; wannan ya fi na bokiti muni nesa ba kusa ba, don bokiti ana sayen wani. Kada ka fake da cewa kai ma haka siniyoyinka suka yi maka. Su ma suna da nasu hisabin, kuma ba zai rage maka naka ba.

Sai masu ƙaramin ƙarfi da ba a ko ganinsu. Inna mai awara da ke bakin get, wadda take ba ku bashi ba ta rubutawa don ta yarda da ku, nawa take binka? Ɗari biyar a wurinka kuɗin data ne, a wurinta kuwa wani yanki ne na jarin waken suya. Baba mai gadi da kuka riƙa yi wa ƙarya kuna tsallake katanga, a ƙarshe shi aka kira ofis aka ci wa mutunci. Masu dafa abinci da kuka yi wa ihu a kan gabza, alhali abin da aka auna musu shi suka tuƙa. Hadisin muflis, wato wanda ya tsiyace, da ke cikin Sahihu Muslim a kan irin wannan yake: mutum ya zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, a yi ta rabon ladansa har ya ƙare.

Yadda ake yi ba wuya. Abin da yake na dukiya a mayar da shi ko kuɗinsa. In mai shi ya rasu a ba magadansa, in an neme shi an rasa a yi sadaka da niyyar ladan ya je masa. Abin da yake na mutunci a je a nemi afuwa, a kuma gyara maganar a wurin da aka ɓata ta. Kuma don Allah ban da rubuta "duk wanda na ɓata wa ya yafe min" a sitatus ɗin WhatsApp a ce an gama. Yaron JSS2 ba shi da waya. Ka taka da ƙafarka.

Akwai maganar satar amsa, kuma ba zan tsawaita ba don kun san abin da kuka yi a zauren jarrabawa, mu ma da muka kau da kai mun san namu. Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tsibin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi da aka samu ta wannan hanya suna buƙatar tuba, da komawa a koyi abin da takarda ta ce an iya.

Game da abokai kuma, na ji kuna ta rantsuwar ba za a rabu ba, an ma buɗe guruf. Madalla. Za ku ga yadda zai yi tsit bayan sakamako ya fito, wasu sun samu gurbi wasu suna jiran JAMB ta baɗi. Wanda bai samu ba shi ya fi buƙatar kiranku. Aya ta 67 a Suratuz Zukhruf ta ce masoya a ranar nan maƙiyan juna ne in ban da masu taƙawa, don haka ka riƙe wanda yake tashinka sallar Asuba a ɗakin kwana, ko da ba shi ne mai sa ka dariya ba.

Ni ma ina cikin masu neman yafiya. Na yi duka cikin fushi, na taɓa kunyata wani a asambuli daga baya na gano ba shi ne mai laifin ba, kuma ya san kansa. Ku yafe min don Allah. Abin da kuka yi min, har da sunan da kuke kira na da shi a bayan ido, wanda kuke zaton ban sani ba, na yafe duniya da lahira.

Ina yi muku addu'ar da Abdullahi ɗan Umar ya ce Annabi (SAW) yana yi wa mai tafiya: Astaudi'ullaha dinakum wa amanatakum wa khawatima a'amalikum. Na ba Allah ajiyar addininku da amanarku da ƙarshen ayyukanku.

Akwai wayoyi uku da rediyo ɗaya da na ƙwace suna cikin durowata tun zangon farko. Ina ofishin malamai ranar Alhamis har zuwa Azahar, masu su su zo su karɓa.