Ranar da ƙosan Gwaggo ya koma abincin Turai

Kwana tara na yi ina kallon darasin HTML, yaren gina shafin intanet, a YouTube, ran na goma na fara kiran kaina injiniya. Wadda ta fara faɗawa hannuna ita ce Gwaggo, mai ƙosai da ɗanwake a bakin layinmu.

Na ce, "Gwaggo, zan buɗe miki shafi a intanet, har daga Legas a riƙa yi miki oda."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma ƙosai ba ya kaiwa Legas da zafi."

Ban kula ba. Na kwana ina gini. HTML shi ne tubali, CSS kuma fenti, ni kuwa da na samu fenti sai na zuba kore da ja da rawaya kamar motar kamfen. Da asuba na kwafi adireshin da ke saman burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, na watsa a zauren danginmu na WhatsApp, har da "a taya mu yaɗawa".

Yaya ya ce ba ya buɗuwa. Na ce sabis ɗinsa ne. Mutum na bakwai ma ya ce haka. Sai na duba da kyau: cikin adireshin akwai C:/Users. Ashe shafin yana nan kwance cikin kwamfutata, ni kaɗai nake ganinsa a duk duniya. Na gina shago a uwar ɗaka, ina mamakin rashin masu saye.

Na biya kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet don kowa ya gani, na ɗora. Ya buɗu, alhamdu lillahi! Sai dai duk harafi mai lanƙwasa ya haukace. Sai ƙosai ya koma Æ™osai, ɗanwake ya zama É—anwake. Layi ɗaya tak na manta a kan shafin, wanda ke shaida wa burauza cewa rubutun UTF-8 ne, wato tsarin da ke ɗauke da haruffa irin namu, shi ne ta karanta ƙ da ɗ yadda ta ga dama. Kwana biyu na yi ina zufa kafin na gano.

Na gyara, na je da fara'ata in ba ta labari. Na tarar tana tsame ƙosai, wayarta maƙale a kunne. Wai wata hajiya ce ta kira tun jiya, tana tambayar sabon abincin nan na Turai, nawa ne faranti.

Gwaggo ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta harare ni.

"Ka ce ka gyara? Wa ya sa ka? Maza je ka mayar da shi yadda yake, na riga na ce mata dubu uku."